Mai Horar da 'Yan Ɗaga Ƙarfe a Dar es Salam

A Nijar in aka ce wane ƙaƙƙarfa ne, hankalin mutane filin kokowa yake tafiya. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa 'yan kokowa ke shan kirari, ga makaɗa ga maroƙa, ko yaro ƙarami ya san sunan Issaka Issaka na Doso. Mai ɗaga ƙarfe ba shi da makaɗi. Abin da yake da shi rumfar kwano ce a bayan wani gida a unguwa irin Dar es Salam ta Yamai, da bencin da mai walda ya haɗa, da mutum guda tsaye a kansa yana yi masa ƙirge. Wannan mutumin, wanda samari ke ce wa koci ko maigida, shi ne mai sana'ar.

Kayan aikinsa yawanci daga kasuwar Katako suke fitowa: gangar birki ta babbar mota, guntun bututu, tsofaffin ƙarafan inji. Abin da ƙarfe bai cike ba siminti ya cike, a zuba a gwangwanin fenti, a soka bututu a tsakiya, a bari ya bushe. Aibin wannan kaya shi ne ba wanda ya san ainihin nauyinsu. An rubuta 20 da fenti a jikin faifai, amma in aka ɗora a sikeli sai a ga 17, wani kuma 23. Yaro ya shekara yana bugun ƙirji wai yana ɗaga kilo 100, alhali bai taɓa kai 90 ba. Shi ya sa kocin da ya san aikinsa yakan ari sikelin mai shago, ya auna kowane faifai, ya rubuta gaskiya a jiki, ko da ran yaransa zai ɓaci.

Sana'ar ba ta riƙe gida ita kaɗai. Ɗan kuɗin wata ake biya, wasu su biya, wasu su ce sai an yi albashi, don haka koci kan haɗa da gadi ko tsaron ƙofa a wurin biki. Lokacin aikinsa bayan asuba ne da bayan magariba, musamman a Afrilu da Mayu da zafin Yamai ke haura digiri 40, kwanon rumfa ya koma tanda. Da azumi kuwa sai an sauko daga asham. Akasarin masu zuwa ƙirji da damtse suke nema, don riga ta zauna. Ɗai-ɗai ne ke cewa suna son gasa, kuma a kan waɗannan ne ake gane koci daga mai gadin ƙarafa.

Gasar ba irin ta Olamfik ba ce, wadda ake cilla ƙarfe sama da kai. Wannan ɗagawa uku ce. Akwai tsuguno, a aza sanda a kafaɗa a tsuguna a miƙe. Akwai turin benci, a kwanta rigingine a sauke sanda a ƙirji a tura sama. Sai cicciɓa daga ƙasa har mutum ya tsaya cak. Kowanne sau uku ake gwadawa, a ɗauki mafi nauyin da alƙalai suka amince da shi a kowanne, a tara. Hukumar duniya ta wasan, IPF, wadda aka kafa a 1972, ta raba maza rukuni-rukuni daga kilo 59 zuwa sama da 120, mata daga 47 zuwa sama da 84. Sandar gasa kilo 20 ce, jan faifai 25, shuɗi 20, ruwan ɗorawa 15, kuma duk an tantance nauyinsu.

Ɗan dakon da ke ɗaukar buhun siminti mai kilo 50 yini guda zai iya shiga wannan gasa ya fito da sifiri. Ƙarfi yana da shi, amma alƙalai uku ne zaune, ɗaya a gaba biyu a gefe, kowa da farar fitila da ja, kuma sai farare biyu sun kama ake lissafa ɗagawar. A tsuguno sai mahaɗar cinya da ƙugu ta sauka ƙasa da saman gwiwa. A benci sai sanda ta tsaya tsit a ƙirji, alƙali ya ba da izini, sannan a tura, mazaunai kuma ba su bar benci ba. A cicciɓa ba a jingina sanda a cinya a riƙa janta, ba a sakinta ta faɗi. A ganina rabin aikin koci koyar da jira ne. Watanni kafin gasa zai zauna a kujera gaban yaro kamar alƙali, ya ja lokaci da gangan kafin ya ce tura, yaro na huci, jijiyar wuya ta tashi, shi ko a jikinsa.

A maƙwabta, Najeriya ta nuna abin da wannan horo ke haifarwa. 'Yan wasanta masu buƙata ta musamman, waɗanda turin benci kaɗai suke yi, sun daɗe suna kwaso zinariya: Yakubu Adesokan a Landan a 2012, Folashade Oluwafemiayo a Paris a 2024 da kilo 167. Koci kan nuna wa yaransa bidiyonsu a waya, ya ce su dubi yadda sanda ke tsayawa a ƙirji.

Akwai kuma abin da koci ke yaƙi da shi a ɓoye. Allurar kumbura jiki na yawo hannu da hannu, tiramol kuwa ba sai an je nesa ba. Tun farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta tiramol lokacin gasa, amma tun kafin haka masu hankali sun san illarsa a nan: yana rufe ciwo, yaro ya ci gaba da ɗagawa da bayan da ya riga ya samu rauni. Abincin da koci ke ba da shawara ba baƙo ba ne, wake da shinkafa, ƙwai, nono, dambun zogale, kilishi in aljihu ya yarda.

Ranar gasa awo ake fara yi, awa biyu kafin a soma, kuma a nan ake miƙa nauyin farko na kowace ɗagawa. Nan rigima take. Da zarar an ɗora nauyi an kasa, ba a ragewa, sai dai a maimaita ko a ƙara. Wanda ya kasa sau uku a ɗagawa ɗaya ba shi da jimla, ya fita lissafi.

"Maigida, a sa mini 160, ai na taɓa ɗagawa."

"Sau ɗaya, ƙanena, kuma ban ga ka kai ƙasa ba. Da 140 za ka buɗe."

Ka'idar masu sana'ar ita ce a buɗe da abin da mutum zai iya yi sau uku a jere ko da bai yi barci ba. Sabon shiga bai san ƙafarsa za ta yi rawa ba sai an kira sunansa, an ce sanda ta shirya, agogo ya fara cin minti ɗayan da aka ba shi. Koci ne ke shafa masa alli a baya da tafin hannu, ya ja masa ɗamara har rami na ƙarshe, ya raɗa masa abu ɗaya tak, don kan da ya ruɗe ba ya riƙe biyu. Yana sauka kuma koci na da minti ɗaya ya rubuta nauyi na gaba ya kai tebur, ƙari mafi ƙanƙanta kilo biyu da rabi.

A cicciɓar ƙarshe koci ya zama ɗan lissafi, biro a hannu, ido a kan allo, yana tara na yaronsa yana tara na abokin karawa. In jimla ta zo ɗaya, wanda ya fi rashin nauyi a sikelin safe shi ke gaba. Saboda haka ne tun daren jajibiri yake bin yaro da gargaɗi kada ya kuskura ya sha fura sai an gama awo.