Yadda ake koyar da lissafin nauyin gini a Guangzhou

Kowane gini yana da hanyar da nauyinsa ke bi: daga rufi zuwa bim, daga bim zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa harsashi, sannan ƙasa ta karɓa. Darasin da ke koya wa ɗalibin injiniya bin sawun wannan hanya da alƙalami shi ne kimiyyar ɗaukar nauyin gini. A jami'o'in ƙasar Sin shi ne na ƙarshe cikin darussa uku da ake ɗauka ƙashin bayan karatun. Ɗalibi kan fara da dokokin ƙarfi da motsi, ya wuce zuwa yadda ƙarfe da kankare da katako ke miƙewa ko lanƙwashewa, kafin ya fuskanci ginin ɗungurungum.

A Guangzhou, birnin da 'yan kasuwar Kano suka fi sani ta unguwar Xiaobei, ana koyar da shi a makarantu irin su Jami'ar Fasaha ta Kudancin Sin, wadda aka kafa a 1952, da Jami'ar Guangzhou. Littafin Long Yuqiu da Bao Shihua na Jami'ar Tsinghua yana cikin waɗanda aka fi dogaro da su a ƙasar.

Tambayar farko ba ta da lissafi mai yawa, amma ita ce tushe: wannan tsarin zai tsaya kuwa? Sanduna uku da aka ɗaure kusurwa uku ba sa sauya siffa, huɗu kuwa sai su karkace in ba a gicciya musu ta biyar ba. Daga nan sai gine-ginen da dokar daidaito kaɗai ke warware su, wato bim mai madogara biyu, firam, saƙar ƙarfen rufi da baka. Maginin Hausa da ke jera azara, kowace tana ɗan zarce 'yar'uwarta har bakan gizo ya haɗe, ya san a aikace cewa sai bango ya yi kauri a gindi. Abin da jami'a ke ƙarawa shi ne adadi. Ɗalibi zai zana hoton ƙarfin lanƙwasa a tsawon kowane bim, domin inda ƙarfin ke jan kankare nan ake sa rodi. Wanda ya juya zanen nan zai sa rodi a ƙasan barandar da ya kamata a sa mata a sama, kuma irin wannan kuskure rai yake ci.

Wuyar aikin tana zuwa ne a gine-gine masu rarar madogara, waɗanda su ne yawancin benayen zamani. A nan nauyi yana karkata zuwa sashen da ya fi tauri, don haka dole a lissafa lanƙwasa kafin a san rabon kowa. Ana koyar da hanyar neman ƙarfi, da hanyar neman gocewa, da dabarar rarraba ƙarfin lanƙwasa da Hardy Cross na Jami'ar Illinois ya wallafa a 1930. Kamfanonin zane a Sin suna aiki da manhajoji irin su PKPM, duk da haka ba a jefar da lissafin hannu ba, kuma daidai ne. Kwamfuta tana amsa abin da aka ba ta ne kawai. Injiniyan da ba zai iya hasashen siffar amsa ba, ba zai gane ranar da aka ba ta shirme ba.

Akwai kuma gasar ƙasa ta ɗalibai da aka fara a 2005, wadda Jami'ar Fasaha ta Kudancin Sin ta karɓi baƙuncinta a 2018. Ɗalibai kan ƙera ƙaramin gini da ɓawon gora da gam, a auna nauyinsa, a yi ta ɗora masa kaya a gaban alƙalai.

A cikin darasin, babin girgiza ne ya fi samun misali a Guangzhou, domin gaɓar lardin Guangdong, inda birnin yake, mashigar guguwar teku ce. Hasumiyar Canton, mai tsayin mita 600, wadda aka buɗe a 2010, tana da ginshiƙai 24 na bututun ƙarfe cike da kankare da suka kewaye ta a murɗe. Can kusa da ƙololuwarta, tankunan ruwan kashe gobara guda biyu suna zaune a kan layin da ke ba su damar zamewa, ta yadda in iska ta kaɗa hasumiyar sai su rage mata lilo. Tawagar Farfesa Zhou Fulin ta Jami'ar Guangzhou ce ta tsara wannan.

Gadar Humen da ke wannan lardi, mai tazarar mita 888 tsakanin hasumiyoyinta, ta nuna ɗaya fuskar. A ranar 5 ga Mayun 2020 ta riƙa hawa da sauka kamar igiyar ruwa a iskar da ba ta kai guguwa ba, har aka rufe ta kwana goma. Masu bincike sun gano cewa shingayen roba da aka jera a gefenta lokacin gyara ne suka sauya yadda iska ke ratsa ta, sai kaɗawar iskar ta zo daidai da saurin lilon gadar kanta.