Amsar Wasiƙunku: Yaya Ake Kama Kifin Kaf Da Fatsa?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani malamin makaranta a Jihar Filato. Ya ce akwai wani ɗan tafki kusa da su mai kifin nan da Turawa ke kira kaf, yana ganin manyansu da idonsa, amma sati uku ke nan yana jefa fatsa, in ban da 'yan ƙananan karfasa ba abin da yake samu. Shin laifin ƙugiya ne ko na abinci?

To Malam, gaisuwarka ta iso, mun kuwa gode. Shi dai kaf ba ɗan ƙasa ba ne, daga Turai aka kawo shi gonar kifi ta Panyam a shekarun 1950. Saboda haka bari mu leƙa Ingila, inda kamunsa ya zama wasan manya. A wani ɗan tafki da ake kira Redmire, wanda bai wuce eka 3 ba, Richard Walker ya kama mai nauyin kusan kilo 20 a 1952, Chris Yates kuma ya kama mai kilo 23 a 1980.

Abin da waɗannan mutane suka gane shi ne, kaf kifi ne mai tsoro da wayo. A ƙaramin ruwa yana jin takun ƙafarka a bakin gaɓa, yana kuma ganin inuwarka. Ni a ganina nan matsalarka take, ba a ƙugiya ba. Ka je da sassafe ko gab da magariba, ka zauna shiru, kada ka jefa komai tukuna. Duba gindin bado da ƙarƙashin rassan da suka sunkuyo kan ruwa. In ka ga 'yan kumfa suna tasowa wuri ɗaya, ko ruwa ya gurɓace da laka, to shi ne yake tonon ƙasa yana kiwo. Sau da yawa ma dab da gaɓa yake, mutum kuwa yana ta faman wurga zare can tsakiya.

Sai batun abinci. Dafaffiyar masara, burodi da tana duk yana ci. Ka riƙa watsa ɗan tafin hannu na masara a wuri guda kwana biyu ko uku kafin ka zo da fatsa, don ya saba. Kada ka cika, in ya ƙoshi ba ruwansa da kai. Ka kuma auna zurfin wurin yadda abincin zai kwanta a ƙasa.

Su ƙananan kifin da ke cinye maka abinci, maganinsu abu mai tauri. Turawa kan kwaɓa gari da ƙwai, su mulmula kamar ƙwallon goriba ƙarami, su tafasa. Ga kuma wata dabara da Len Middleton da Kevin Maddocks suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1970. Kaf yakan zuƙi abu ne ya furzar in ya ji ƙarfe. Sai suka daina soke abincin a jikin ƙugiya, suka rataye shi da siririn zare ɗan ƙasa da ita, har da gashin kai suka fara gwadawa. Yana zuƙa ƙugiya ta bi tsirara, yana furzarwa ta kama leɓe.

In ya kamu kada ka fizga da ƙarfin tsiya, zare zai tsinke. Sassauta masa ya gaji, amma ka hana shi shiga cikin bado. Mutanen Ingila dai in sun kama, aunawa suke su ɗauki hoto su mayar da shi ruwa. Kai kuwa Malam, na san uwargida tana jira da tukunya, sai dai ka nemi izinin masu tafkin, ka kuma saki ƙanana su girma. Muna jiran wasiƙarka mu ji yadda kuka ƙare da shi.