Sauya injin tsohuwar mota: me doka ta ce kan hayaƙi?

A hanyar Sakkwato zuwa Bodinga da Shagari, idan injin motar haya ya gaji, direba kan sayo na hannu, makaniki ya ɗora masa, wani lokaci har da akwatin giya.

Yin haka ba laifi ba ne, amma akwai sharuɗɗa. Lambar inji tana cikin takardun mota, saboda haka sai a sanar da ofishin lasisi a gyara su. Sannan ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta NESREA na 2011 sun ƙayyade yawan hayaƙin injin fetur da na dizal.

Matsala takan taso idan aka cire matatar hayaƙi daga salansa, domin ita ke rage gubar da mutane ke shaƙa.