Ƙwaro Maganin Ƙwaro: Darasi Daga Gonakin Lemo

Gabatarwa

Manomi yakan ɗauki duk ƙwaron da ya gani a kan itacen lemonsa a matsayin abokin gaba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa daga cikin ƙwarin nan akwai masu gadin gona, waɗanda abincinsu shi ne 'yan'uwansu masu ɓarna.

Tarihin Dabarar

Wani littafin tsirrai da aka rubuta a ƙasar Sin wajen shekarar 304 Miladiyya ya ambaci yadda ake sayar da sheƙar wata irin tururuwa a kasuwa. Manoma kan rataya sheƙar a itacen lemo, tururuwar ta bi rassa tana cinye tsutsotsi. Akwai 'yar'uwarta a Afirka ta Yamma, wato jar tururuwar nan mai ɗinke ganye ta yi gida a kan mangwaro da lemo.

Misalin Kalifoniya

Wajen 1868 wani ƙwaro mai kama da ɗigon auduga ya shiga jihar Kalifoniya ta Amurka daga Ostareliya. Yakan manne wa reshe ya tsotse ruwansa har itacen ya bushe. Da yake ya baro maƙiyansa a gida, sai ya yaɗu, har wasu manoma suka fara tumɓuke itatuwansu. A 1888 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta tura Albert Koebele zuwa Ostareliya, inda ya samo wani ɗan jan ƙwaro mai suna vedaliya, wanda shi da tsutsarsa duk mai audugar suke ci. Ɗari biyar da 'yan kai aka kawo, amma kafin ƙarshen 1889 annobar ta lafa.

Sai dai da aka shiga fesa maganin DDT wajen 1946, vedaliya ta mutu, mai audugar kuwa ya tsira ya sake mamaye gonaki. Garin neman ƙiba aka samo rama. Ba a sami sauƙi ba sai da aka rage feshin aka sake sakin vedaliya.

Kammalawa

Abin lura a nan shi ne, maganin feshi bai san mai gadi ba, bai san ɓarawo ba. Don haka ya wajaba mai gonar lemo, ko a Binuwai yake ko a wani wuri, ya fara tantance ƙwaron da ke kan itacensa da abin da yake ci kafin ya ɗauki injin feshi.