Baƙin ƙwan Sinawa da awara: ina gaskiya, ina ƙarya?

Mai sayar da awara a zangon Sokode ko a kasuwar Dapaong ba ta buƙatar a koya mata tofu, domin shi take soyawa kullum: madarar waken suya ce da aka daskarar. Sinawa na daskarar da tasu da sinadarin jibsam, mu kuma da ruwan tsami ko tsamiya. Abin da ke tayar wa mutane hankali a hotunan da ke yawo a waya shi ne baƙin ƙwan da suke yankawa a kai, wanda suke kira fidan.

Ana cewa shekara ɗari yake yi a binne. Ƙarya ce. Makonni ne zuwa 'yan watanni. Ƙwan agwagwa ake shafe wa kwaɓin farar ƙasa da toka da gishiri da ruwan shayi, a mirgina shi a ƙaiƙayin shinkafa, a ajiye. Kaifin kwaɓin ne ke ratsa ɓawo ya dafa ƙwan ba wuta: farin ya koma ruwan ƙasa mai sheƙi, yana rawa in an taɓa, gwaiduwa kuma ta yi kore-kore mai danƙo. Masu cewa a fitsarin doki ake jiƙa shi warin ne ya ruɗe su. Warin amoniya ne da ke fita daga ƙwan kansa, fitsari kuwa ba shi da ƙarfin yin wannan aiki. Ƙwan agwagwa halal ne. Inda Musulmi zai lura shi ne faten shinkafar da ake sa fidan a ciki, don sau da yawa da naman alade ake yin sa.

Zancen guba kam akwai ƙamshin gaskiya, kuma shi ya fi damuna. A da wasu masu sarrafa shi na zuba sinadarin dalma a kwaɓin, dalma kuwa tana taruwa a jiki tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. A 2013 hukumomin lardin Jiangxi na ƙasar Sin sun rufe masana'antu 30 bisa zargin amfani da sinadarin jan ƙarfe irin na masana'antu don ƙwan ya nuna da wuri. Saboda haka wanda ya samo shi daga Lome ko wani wuri ya duba kwali ya ga an rubuta babu dalma. Wanda ɓawonsa ya tsage, ko cikinsa ya yi ruwa, shara ce makomarsa. Binne ƙwan zabi a toka a bayan ɗaki kuma ba ya ba da fidan, ruɓaɓɓen ƙwai kawai za a tono.

Ita ma awara ba ta tsira daga jita-jita ba, wai tana rage ƙarfin namiji. Binciken da ya tattara gwaje-gwaje da dama a 2010, da wanda ya biyo baya a 2021, ba su ga waken suya ya rage sinadarin mazakuta ba. Abin takaici ne a ce Togo na fitar da waken nan zuwa Turai, magidanci kuma yana hana shi shiga gidansa saboda jita-jita.

Haɗin fidan da awara ba wuya, amma da sanyi ake cin sa, ba a soyawa, kuma nan ne haɗarin da ba a cika faɗa ba. Ɗanyar awarar da ta wuni a roba cikin zafin Dapaong ba ta ciwuwa haka. A sayo ta safe, mai laushi, a tafasa ta 'yan mintuna a ruwan gishiri, a tsane, ta huce. A yanka fidan biyu, kowanne gida huɗu, a bar su su sha iska warin ya ragu. A jera a kan awarar, a yayyafa magin ruwa na waken suya, man riɗi, lemon tsami, tafarnuwa, lawashi da ɗan yaji. A duba kwalbar magin ko akwai giya a ciki, sannan a cinye a zama ɗaya, kada ya kwana.