Shin Ko Kun San? Abubuwan Mamakin Hanyar Lome Zuwa Sinkase

Shin ko kun san cewa gaɓar tekun Togo duka-duka kilomita 50 da 'yan kai ce? Kafin shayi ya huce a buta, mota ta ratsa ta daga iyakar Gana zuwa iyakar Benin. Amma ku juya kan motar arewa ku ga ikon Allah! Daga Lome zuwa Sinkase, bakin iyakar Burkina Faso, tafiyar fiye da kilomita 600 ce a kan titi guda, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Ƙasa ce siririya kamar sandar makiyayi. Ku tara abokai huɗu ko biyar, a yi karo-karon kuɗin mai, a ɗaure tabarma da gidan sauro a saman mota, sai hanya.

Tun ba ku yi nisa ba za ku ci karo da tarihinmu. Ko kun san Zangon Lome a tsakiyar birni yake a da? A 1977 aka rushe shi, aka mayar da jama'a arewacin gari, wajen Agowe. Yanzu a can ne manyan motocin Nijar da Burkina da Mali ke jeruwa suna jiran lodi. Ku ɗan tsaya ku karanta lambobin motocin. Rabin Sahel a fili ɗaya!

Notse, kusan kilomita 100 daga Lome. Nan a sauka a sha abarba, don ta garin ta yi suna. Akwai kuma kufan wata tsohuwar ganuwa ta ƙasa, Agbogbo. Mutanen Ewe suna cewa daga cikinta kakanninsu suka tsere wa Sarki Agokoli, suka bazu har cikin Gana. Duk watan Satumba sukan dawo bikin tunawa.

To ga wadda za ku ba yara labari. Kusa da Atakpame akwai ƙauyen Kamina. A nan Jamusawa suka kafa tashar wayar iska mai turakun ƙarfe da wasunsu suka kai tsayin mita 120, tana magana kai tsaye da Nauen, kusa da birnin Balin. Nisan fiye da kilomita 5,000, tun a 1914! Ba ta daɗe da fara aiki ba Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Jamusawa suka rushe ta da hannunsu don kada ta faɗa hannun abokan gaba, suka miƙa wuya ran 26 ga Agusta. Har yau tubalan siminti da ragowar ƙarafa na nan a cikin ciyawa. Kun san wa ya harba harsashin farko a ɓangaren Ingila a duk wannan yaƙin? Wani sojan rundunar Gwalkwas ne, Alhaji Grunshi, kuma a ƙasar Togo ya harba shi.

A Atakpamen dai akwai masu rawa a kan dogayen sanduna, sai ka ɗaga kai kafin ka ga fuskar mutum.

Sokode kuwa, garin Kotokoli, ai gida ne. Kiran salla ta ko'ina, dawaki da ado, manyan riguna. Lokacin Mauludi suna bikin Adosa, maza na goga wuƙa mai kaifi a ciki da hannu, ko ƙwarzane babu. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan tauri zai gane wasan nan take.

Nan ne ni dai zuciyata take tsayawa. Shin ko kun san tun kafin a shimfiɗa kwalta, fataken Hausa sun sha ratsa wannan yanki a ƙafa? Daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, neman goro. Tafiyar watanni! Madugu ne shugaba, jagaba a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da fatu da baƙin rini. Inda rana ta faɗi a sauke kaya, a ɗaure dabbobi, a hura wuta. Inda aka saba sauka sai rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya zama unguwa, unguwa ta yi masallaci da sarki. Shi ya sa kusan duk babban garin da ke kan wannan titi yana da zangonsa. Idan dare ya riske ku, ku nemi gidan Sarkin Zango ko liman, ku yi sallama: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Lome." Da wuya a rasa inda za ku shimfiɗa tabarma. Ku riƙe goro a hannu, kada ku je haka nan.

Gaba kaɗan, kafin Bafilo, sai tsagar Alejo. Dutse ne ƙato aka fasa da nakiya, titi ya bi ta tsakiya, bango dama bango hagu. Direbobin manyan motoci sun sha wuya a wannan hawa, har aka yi musu hanyar kewaye. Ku da ƙaramar mota, ku bi tsohuwar, ku ɗauki hoto.

Kara! Duk watan Yuli samarin Kabiye na kokawar Ebala, kuma ba a ƙirga saurayi cikin manya sai ya shiga fili. 'Yan kilomitoci daga garin, a Sarakawa, tarkacen jirgin saman da ya faɗi da Shugaba Eyadema ran 24 ga Janairu 1974 na nan a ajiye. Ya fita da ransa.

Yanzu ku riƙe numfashi. Daga Kante ku karkata gabas zuwa Kutammaku, ƙasar Batammariba. Gidajen laka ne masu bene, hasumiya-hasumiya, kowace da hular ciyawa. Dabbobi a ƙasa, mutane a sama. Rumbun hatsi ma a kan soro yake! Ƙofar ɗakin kwana 'yar ƙarama ce, sai ka durƙusa ka shige. A 2004 UNESCO ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya, hekta 50,000, a 2023 kuma aka haɗa da ɓangaren Benin. Magina na ɗora lakar da hannu, zagaye bayan zagaye, sai ɗaya ya bushe a ɗora wani.

A Mango za ku haye kogin Oti, kuma akwai dorina a yankin. Dorina, a Togo!

Kusa da Dapango kuwa akwai kogunan dutse na Nok, ba Nok ta Kaduna ba. Sai an sauka ta tsanin ƙarfe a jikin tsauni kafin a kai gare su. A ciki rumbunan laka ne fiye da 100, inda mutanen yankin ke ɓuya da hatsinsu a zamanin hare-hare. Sai dai tun watan Yuni 2022 aka sa dokar ta-ɓaci ta tsaro a wannan yanki na arewa. Don Allah ku tambayi direbobin tasha da jami'ai kafin ku wuce Mango, kuma kada ku kwana a daji a can.

Idan kun isa Sinkase, ku duba da kyau: gari ɗaya ne iyaka ta raba biyu, rabi Togo rabi Burkina. Kuɗin aljihunku ma ba sai kun canza ba, sefa ɗaya ce ake kashewa a ƙasashe 8 na yammacin Afirka. Agogo ma bai motsa ba. Amma wanda ya zarce Yamai, sai ya ƙara awa ɗaya.