Tsohon jirgin ƙasa na wasa: a gyara ko a bar shi yadda yake?

A Ingila, kan masu tara ƙananan jiragen ƙasa na wasa ya rabu game da Hornby Dublo, wanda kamfanin Meccano ya fara ƙerawa a Liverpool a 1938. Na farkon suna gudu ne a kan dogo mai ƙarfe uku, na tsakiyar ke ba su wuta. Sai a 1959 mai ƙarfe biyu ya fito.

Wasu kan kwance kan jirgin, su sauya tayoyinsa da maganaɗisun injin da ya yi sanyi, don ya hau dogon zamani. Amma da zarar an taɓa shi, farashinsa a wajen gwanjo ya faɗi. Masu saye sun fi son fentin asali, ko da ya ɗan kankare, balle in kwalinsa na nan.